Kwalayen Yaya Habsu da Ƙauyuka Biyu Masu Suna Ɗaya

Shekara ashirin da shida ke nan cif, a wannan wata, da muka kai yayata Habsatu makwancinta a maƙabartar bayan unguwarmu a nan Tawa. Duk gidanmu Yaya Habsu muke ce mata. A kan gwiwa ta rasu, ita da abin da ke cikinta, ba ta cika arba'in ba. Waɗanda suka san ta suna raguwa kowace shekara. Na sha yin rubutu a wannan shafi kan na'urori da wayoyi da yadda suke juya mana rayuwa, amma ban taɓa ambaton wadda ta koya mini aikin ba, ita da ba ta taɓa zama ajin koyonsa ba ko na yini guda.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara tara. Ta bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri, ta koyi buga keken rubutu, ta zama sakatariya. Yatsunta sun fi bakinta sauri, don mace ce da za ku wuni tare ba ta yi jimla goma ba. Ni ne auta, ni aka tura Yamai na karanta ordinatar, kamar yadda muke kiran kwamfuta a lokacin. Na dawo da takardar shaida a jaka, da kuma wani girman kai da ya fi jakar nauyi.

Shekarun nan na casa'in, wanda bai gan su ba sai dai a ba shi labari. An buɗe ƙofar jam'iyyu, kowa ya samu bakin magana, amma tukunya ba ta samu abin dafawa ba. Darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, magani ya yi tsada, yajin aiki wannan na tafiya wancan na zuwa. A ofisoshi, kafin a tambayi abin da ka iya, sai an fara binciken tutar da ke kafe a ƙofar gidanku. Arewa da mu babu kwanciyar hankali, wasu hanyoyin ba a bin su sai da rakiyar soja. Idan aka ce an canza wa ma'aikaci wurin aiki zuwa can, kowa ya san horo ne.

A cikin wannan hali aka kafa wani ƙaramin furoje, wato shirin tallafi, na kiwon lafiya a garin nan. Ba zan kama sunansa ba, ya daɗe da rufewa. Aikinsa tattara labarin cututtuka daga ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Kowace safiya majo-majo, wato manyan ma'aikatan jinya da ke riƙe da ɗakunan, sukan kira ta rediyon oba-oba su ce ƙauye kaza mutum kaza sun kwanta, kaza sun rasu. Yaya Habsu, wadda aka ba furojen aro daga aikin gwamnati, ita ce ke zama gaban rediyon tana shigar da labarin a na'ura. Ni kuma aka ɗauke ni in rubuta furogaram ɗin, abin da yanzu ake cewa manhaja, wanda zai tara labarin ya fitar da takarda mai nuna ƙauyen da ya fi buƙatar agaji. Mota ɗaya gare mu, man gazuwal da take sha sai an yi da gaske, allurar rigakafi kuma ba ta jure zafi: da ƙanƙarar akwatinta ta narke, shi ke nan. Saboda haka inda takardar ta nuna, can motar ke nufa, babu zagaye na biyu.

Wata biyu na yi ina ginin furogaram ɗin a ofishin Diraktar, inda ake ajiye na'urar an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Sau biyu Yaya ta ce mini, "Auta, ka bari in taɓa abin nan tun kana cikin ginin shi." Sau biyu na ce ta yi haƙuri, ba a ɗanɗana miya tana kan wuta. Da na gama aka kai na'urar ɗakin rediyo, ta zauna da ita rabin yini, sannan ta kira ni. Ta ce idan ta danna maɓalli, abin da ta rubuta ɓacewa yake yi nan take, ita kuwa tana son ta sake ganinsa kafin ya tafi. Na yi dariya. Na yi mata dogon bayani cewa na'ura ba ta mantuwa, kuma don sauri na yi haka. Ta dube ni, ta juya ga aikinta. An ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, amma a lokacin ni a ganina karin magana ba ta shiga harkar ordinatar.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai sanƙarau ya ɓulla. Rediyon da a da yakan yi shiru kafin hantsi, ya koma ba ya numfashi. Wannan majo na magana, wancan na katse shi, ga ƙarar iska a cikin layi. Wata Talata, cikin masu kiran akwai Majo Nomau, wani dattijo da ke riƙe da ɗakin shan magani arewa da Barmu. Ya ce a wani ƙauye da ke ƙarƙashinsa yara na faɗuwa da sanƙarewar wuya, kuma abin ƙaruwa yake. Zan kira ƙauyen Tungar Gado, ko da yake ba shi ne sunan ba. Yaya ta shigar, ta wuce ga mai kira na gaba. Da rana na'ura ta fitar da takarda, Diraktar ya ɗauka kamar yadda ya saba, ya ga Tungar Gado a sama, da bayanin hanya a gefe. Ya ba da umarni a loda duk allurar da muke da ita, da maganin masu ciwo.

Laraba da sassafe motar ta tashi. Bayan la'asar ta dawo, direba ya sauko yana ta mamaki. Ya ce sun isa, sun tarar da yara na wasa lafiya lau, babu mai ko ciwon kai. Babu rediyo a motar balle su tambaya, ƙanƙara kuma ta fara narkewa, don haka maimakon a zubar da allurar sai suka yi wa mutanen garin. Yaya Habsu na tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaura gyalenta za ta tafi gida. Ta tambaye shi wace hanya suka bi. Ya ce hanyar Kalfu mana. Sai ta zauna nan ƙasa a bakin ƙofar. Ta ce, "Nomau ne ya kira. Barmu ce."

Ashe Tungar Gado biyu ce, ɗaya ta wajen Kalfu, ɗaya arewa da Barmu, jikokin mutum guda da suka rabu tun zamanin da.

Aka yi ta kiran Nomau, shiru, batirin rediyonsa ya mutu. Alhamis da hantsi sai ga shi a kan babur na aro. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. Ya tsaya a tsakar ofis ya ce, "Na ce wa iyaye su yi haƙuri, mota na tahe. Jiya bakin hanya na tsaya har rana ta faɗi. Yanzu mi zan koma in ce musu?" Maganin masu ciwo dai ya dawo tare da motar, aka ɗaura masa a bayan babur ya juya. Allura kuwa sai an jira wata daga Yamai. Yara sun mutu a ƙauyen nan, cikin kwanakin da bayansu. Ajali na Allah ne, na sani. Amma har yau ban san ko nawa ne cikinsu za su kai girma da motar ta bi hanyar Barmu ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abokin zamana.

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, labari ya cika gari, ya kuma canza kama. Mutanen ƙauyen na wajen Barmu an san jam'iyyar da suka zaɓa. Mijin Yaya, Malam Abdu, malamin lakwal ne da ya yi suna a ƙungiyar ƙwadago, kuma an san shi a wata jam'iyyar. Ba a buƙaci wata hujja ba. Aka ce matar Malam Abdu ta karkatar da allura da gangan. Dangin ƴan ƙauyen da ke zaune a Tawa suka zo suka tsaya a tsallaken titi suna kallon ƙofar ofishinmu, suka ƙi tafiya. An jefi ƙyauren gidanta da duwatsu. Ta hana ƴaƴanta uku fita. Diraktar, mutumin gabas ne da aka turo, ba mugu ba ne, amma ana ta kiransa daga sama ana neman sunan mai laifi. Ya gaya mata cewa Litinin za a zauna, kuma an riga an shirya takardar da za ta mayar da ita aikin gwamnati da tabon laifi. Kowa ya san inda irin wannan takarda ke kai mutum.

Ga abin da ni na yi. Tun ranar Alhamis ɗin da la'asar, da ofis ya watse, na shiga ɗakin rediyo na kunna na'ura, na buga haruffan farko na sunan ƙauyen. Layi biyu suka fito, ɗaya bisa ɗaya, iri guda sak. Ni da hannuna na shigar da cikakkun sunayen, wannan "ta Kalfu", wancan "ta Barmu", amma gurbin da na ba suna a allon na'urar harafi goma sha ɗaya kawai yake ɗauka, sauran sai ya yanke. Alamar zaɓi kuma a kan na sama take sauka, wato ta Kalfu. Abin da ya bambanta su wata lamba ce can a ƙarshen allo, wadda babu mahaluƙin da ya haddace. Da an danna, allo ya share.

Gyaran bai fi na minti biyar ba. A duk garin babu wanda zai iya karanta abin da na rubuta balle ya gane an taɓa. Na buɗe wurin, na aza yatsuna. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wuta aka ɗauke. Na zauna cikin zafi ina jira ta dawo, ba ta dawo ba. Washegari Diraktar ya sa kwaɗo a ɗakin, ya ce kada kowa ya taɓa na'urar sai bayan zama. Na yi kwana uku ina jin ana zagin yayata a kasuwa da bakin masallaci, bakina a rufe. Aikin nan shi ne na farko a rayuwata, ina ta gaya wa kaina cewa ai ita ta danna.

Lahadi da safe Inna ta aike ni in duba ta. Na same ta a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, kewaye da kwalayen magani da ta ɓarke, ga almakashi ga bik na rubutu. Ta yanka su girman allon na'ura, ta zana kowane shafi na furogaram ɗina daga ka, layi bayan layi, har da ƴar lambar nan ta ƙarshe. Tun muna yara ta ga Inna ba ta sa almakashi a zanen mutane sai ta fara yanka rigar a takardar buhun siminti, to, ina jin daga nan dabarar ta zo mata. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, ka duba?"

Na ce na duba.

"Biyu ne?"

"Biyu ne, Yaya."

Ta ci gaba da yanka. Ta ce ita ma ta tuna ta ga layi biyu, ta ɗauka maimaici ne irin na na'ura, rediyo kuma ba ya jiran kowa. "Wanga kuskure nawa ne, na ɗauka. Gobe ba ni kiran sunanka. Kwali kawai zan aza musu." Na so ta zage ni. Ta miƙo mini wani kwali ta ce in duba ko ta yi kuskure a zanen. Ba ta yi ba.

Litinin muka zauna a ofishin Diraktar, mu biyar: shi, da Majo Nomau da aka kira shaida, da direba, da Yaya, da ni. Ta tagar ana hango mutanen nan a tsallaken titi. Takardar na kan tebur, saura sa hannu. Babu wuta ranar ma, fanka a tsaye, gumi na bin kowa. Diraktar ya karanta abin da ake tuhumarta da shi, ya tambaya ko tana da magana. Ta ce, "Ranka shi daɗe, minti goma nake roƙo." Ta kwance ɗankwalin da ta ƙunso kwalayen, ta jera su a gabansa. Ta ce yau shi ne sakatariya, ita ce na'ura. Za ta karanto saƙonni kamar yadda suke zuwa, shi ya nuna da yatsa inda zai danna, ita kuma ta canza masa shafi. Ta fito da ƙaramin rediyon gidanta, ta murɗa shi inda babu tasha, ƙara ta cika ɗakin.

Diraktar ya so ya ƙi, na ga hakan a fuskarsa. Amma Nomau ya ce, "A bari mu gani." Ta fara, da irin saurin da majo-majo ke magana. Ƙauye na farko, ya nuna, ta janye kwalin ta aza wani. Na biyu, na uku. Kafin na biyar ya daina murmushin raini, ya sunkuyo da gaske yana bin layi. Na bakwai ta ce, "Daga Nomau, Tungar Gado." Yatsansa ya sauka a layin sama, ta zare kwalin kamar yadda na'ura ke sharewa, ta wuce na takwas. Sai da ta kai goma ta tsaya, ta kashe rediyo, ta juyo bayan kwali na bakwai. A bayan layin da ya taɓa ta rubuta Kalfu.

Diraktar ya ce shi ba aikinsa ba ne, bai saba ba. Ta ce gaskiya ne, ta tura kwalayen gaban Nomau. Ku tuna, ya ga abin da ya faru yanzun nan, kuma ƙauyensa ne, shekara da shekaru yana shiga yana fita. Ta gauraya saƙonnin, ta kunna ƙara, ta fara. Da aka zo wurin, yatsansa ya tsaya a sama tsakanin layukan biyu. Ya dube su, ya sake duba. Ita kuwa ta ci gaba da karanto saƙo na gaba, domin haka rediyo ke yi. Ya sauke yatsa. Ta juya kwalin. Dattijon nan ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce, "Innalillahi. Ni ma can na tura ta."

Diraktar ya tambaya, ba tare da ya kalli kowa ba, yaya aka yi suna biyu suka zama ɗaya. Yaya ta shiga tattara kwalayenta, ta cika alkawari, ko kallona ba ta yi ba. Na ji muryata kamar ta wani tana cewa, "Ni na yanke sunan. Ta kuma ce in sa a riƙa sake nuna mata abin da ta rubuta, na ƙi." Maganar wutar da aka ɗauke kuwa ban yi ta ba.

Na ɗauka za a kore ni nan take. Ba a kore ni ba, kuma ba don tausayi ba, babu mai maye gurbina ne, ga annoba ba ta sauka ba. Diraktar ya jefa takardar Yaya cikin aljihun tebur, ya ce allura ta biyu na kan hanya, kwana shida ya ba mu. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma ya ce ya tsaya a ɗakin, don idan masu ba da tallafi suka ji cewa na'urar ce ke da aibi, za su iya rufe furojen baki ɗaya. Nomau ne kaɗai ya tsallaka titi ya yi magana da mutanensa, suka watse. Gari kuwa ya ci gaba da riƙe labarin farko.

A kwana shidan nan na yi karatun da ban yi a Yamai ba. Yaya ta kafa mini doka: ba zan taɓa na'ura ba sai kwali ya ci jarrabawa. Na ce lokaci ya ƙure, ta ce shafi a kwali minti biyu ne, a na'ura yini guda, in lissafa da kaina. Na zauna da rula na zana shafuka masu kyau, layuka a miƙe. Duk wanda muka nuna wa sai ya ce, "Kai, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," ya miƙo mini abina. Nata kuwa, masu karkataccen rubutu da gefen kwali a yage, mutane ba sa jin nauyinsu. Wata ungozoma ta karɓi bik ta soke wata kalmar Faransanci ta rubuta wadda suke faɗa a bakin aiki. Direba ya ce shi ba ya neman ƙauye da harafi, da hanya yake nemansa. Daga nan muka gane cewa tambayar farko ba sunan ƙauye ba ce, wane majo ne ke magana. Da ka zaɓi Nomau, ƙauyukansa kaɗai za su fito, kowanne da cikakken sunansa. Mun gano kuma cewa gurbin masu ciwo da na waɗanda suka rasu sun yi kusa da juna, mutum uku cikin waɗanda muka gwada sun musanya su. Wani bala'in ke nan da ke kwance yana jiran ranarsa. Muka raba su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A ƙarshe muka ƙara shafin da ta roƙa tun farko, mai nuna duk abin da aka shigar da manyan haruffa, yana tambaya ko haka ne.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yin shiru. Idan mutum ya ruɗe a gaban kwali, bakina yakan yi ƙaiƙayi in nuna masa. Sai ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta ce ranar aiki ba na nan, in bar shi ya ɓace yanzu da ɓatan ba ya kashe kowa. Duk inda yatsa ya yi jinkiri sai ta ɗiga baƙi a wurin. Shafin da ya tara ɗigo uku, almakashi ne rabonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ba ta tambayar mai ɗakin, zama take ta ga inda yake kauce wa ruwa.

Sai rana ta biyar ta yarda na kunna na'ura. Ranar da allura ta iso, ni ma ina ɗakin rediyo a tsaye bayanta. Saƙo ya shigo, shafin tambaya ya fito, ta karanta wa majon abin da ke rubuce ta rediyo, ya ce haka ne, sannan ta danna. Motar ta bi hanyar Barmu. Har furojen ya rufe ba ta sake ɓata hanya ba.

Daga baya, da na fita ƙasashen waje kwas, na tarar abin nan da ta yi a kan tabarma yana da suna a littattafai, manyan kamfanoni na koyar da shi: a fara gwada fuskar manhaja a takarda, da mutanen da za su yi aiki da ita, kafin a gina. Ba ta rayu ta ji wannan ba, kuma ina jin da ta ji ma kafaɗa kawai za ta ɗaga. Abin da nake yawan tambayar kaina shi ne me za ta ce da ta ga yau. Yanzu kowane ɗan kabu-kabu na da na'ura a aljihu da ta fi tamu ta wancan lokaci ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana raba wa ma'aikatan lafiya na ƙauye wayoyi masu manhaja mai launi da hotuna. Na sha ganin ungozoma riƙe da irin wayar tana zufa, tana cewa ita ce ba ta da kai. Matasan da ke zuwa wurina kuma sukan kawo aikinsu a kammale, a goge, suna jiran yabo, daidai yadda na yi. Idan na miƙa musu kwali da almakashi sai su ɗauka tsufa ne. Ina jin da za ta ji daɗin saurin da labari ke yi yanzu, da majo ba zai tsaya bakin hanya da mataccen batir ba. Amma na tabbata da za ta karɓi wayar, ta miƙa wa wadda ta fi kowa tsoronta, ta koma gefe ta yi shiru tana kallo. Na'ura ta canza, amma yatsan mutumin da ke cikin sauri da fargaba yana nan yadda yake.

Idan na auna abin da ya saura, furogaram ɗin ya mutu, babu ma na'urar da za ta karanta shi yau. Kwalayen gara ta cinye. Abin da ya tsira wata tambaya ce da ta bar wa duk wanda ya yi aiki da ita: idan mutum ya yi kuskure, kafin ka tambayi wane ne shi, ɗan wa ne, ina ya jefa ƙuri'a, fara duba abin da aka aza a gabansa. A zamanin da kowa ke neman wanda zai nuna da yatsa, ita ta wanke kanta ba tare da ta shafa wa ƙanenta baƙi ba.

Akwai kuma abin da ya saura wanda bai kamata ya saura ba. Shekara uku ta yi a duniya bayan wancan zaman, kuma har ta koma ga Allah akwai matan da ba sa amsa gaisuwarta a kasuwa. Ba ta taɓa ce mini in fita in yi bayani ba, ni kuma na fake da umarnin Diraktar na yi zamana, har na saba da inuwar. A bikin sunan jikarta da aka yi kwanan baya, babbar ɗiyarta Ramatu ta ja ni gefe. Ta ce wata tsohuwa ta gaya mata a wurin taron cewa uwarta mutuniyar kirki ce, in ban da abin nan na allura. Ramatu yarinya ce a waccan bazarar, ba a taɓa gaya mata dalilin jifan gidansu ba. Ta tambaye ni, "Kawu, wane abu ne na allura?" Na ce mata zan ba ta amsa a inda kowa zai ji.

To, Ramatu, ga amsar. Ku ma mutanen Tawa da na arewacin ƙasar Adar da kuka riƙe wancan labari, ku ji daga bakin wanda ya sani. Habsatu ba ta karkatar da motar kowa ba. Ni, Isufu ƙanenta, ni na yanke sunan ƙauyen, ni na ƙi jin shawararta, kuma na yi niyyar ɓoye shaida Allah bai ba ni iko ba. Wannan na ƙarshen ko ita ban taɓa gaya wa ba. Wanda ya rasa ɗa a waccan bazarar, in yana da sauran fushi, ƙofata a buɗe take, ya bar kabarinta ya huta.

Allah ya jiƙan yaran Tungar Gado, ya ba iyayensu ladan haƙuri. Allah ya jiƙan Yaya Habsu, ya haskaka makwancinta, ya sa in mun haɗu in iya ɗaga ido in dube ta.